Tsakuwa ta daki gilashin motarmu, saura kwana tara jarrabawar tuƙi

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Manchester, wata goma sha huɗu ke nan da na biyo maigida. Aikin kula da tsofaffi nake yi gida-gida, kuma tun da shekara ta cika lasin ɗina na Najeriya ya daina aiki a nan, na koma bin bas, wani lokaci maigida ya sauke ni kafin ya wuce nasa aikin. Sai da na jira wata biyar kafin na samu ranar jarrabawar tuƙi, yanzu saura kwana tara. Da motarmu ta gida zan yi, don da ita na saba. To ranar Lahadi muna dawowa daga Bradford, shi ke tuƙi, wata babbar mota ta harbo tsakuwa ta daki gilashin gaba. Bai fashe ba, tabo ne kamar ƙwayar wake, da 'yan ƙafafu biyu ko uku kamar tauraro, sama kaɗan da sitiyari. Maigida ya ce ba komai, wai a Kano ya shekara huɗu yana jan mota da tsaga daga wannan gefe zuwa wancan ba wanda ya ce masa uffan, in na matsu ya ɗiga masa sufa gulu. Kuɗi kuma a wannan watan sai a hankali. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Za su hana ni jarrabawa saboda wannan ɗan tabon? Kuma yaya zan yi da maigida ba tare da mun yi faɗa ba?

Ƙanwarki a Manchester

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki nemo kwalbar sufa gulun nan ki ɓoye ta inda maigida ba zai gani ba. Zan dawo kan dalili.

Tabo kamar ƙwayar wake ba lallai ne ya hana ki jarrabawa ba. Mutane da yawa sun shiga jarrabawa da irinsa, jami'in bai ko kalle shi sau biyu ba. Amma ba zan ce miki ki kwanta ki yi barci a kan wannan ba, saboda abu biyu: inda tabon ya faɗa, da kuma lokacin da muke ciki na sanyi. Ni a ganina a gyara shi a cikin makon nan, ko da awo ya nuna bai kai ya kawo ba.

Hukumar DVSA, wadda ke shirya jarrabawar tuƙi a Ingila da Scotland da Wales, ta yarda mutum ya zo da motarsa, amma da sharuɗɗa. Daga ciki akwai cewa motar ta kasance lafiyayya da ta cancanci hawa titi, kuma in ta haura shekara uku tana da takardar MOT mai rai, wato shaidar binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara. Idan jami'in ya duba ya ga motar ba ta cika sharaɗi ba, ba za a yi jarrabawar ba, kuɗinki kuma sun tafi. Shi jami'in ba makanike ba ne, ba zai fito da rula ya hau awo ba. Ido zai sa. Abin da yake tambayar kansa shi ne, wannan tabon zai tare wa mai tuƙi gani? Ni da zan zauna a gefenta minti arba'in, hankalina ya kwanta da gilashin nan? In ya ce a'a, babu roƙo, babu "a duba Allah", babu wanda za ki kira ya sa baki. Wannan ne wurin da maigida bai lissafa ba.

Ma'aunin da kowa ke komawa gare shi a wannan magana shi ne na MOT. Sun raba gilashin gaba kashi biyu, kuma duk a cikin wurin da waifa ke sharewa ake maganar. Kashi na farko shi ne tsirin da ke gaban direba kai-tsaye, faɗinsa milimita 290, tsakiyarsa daidai tsakiyar sitiyari. Suna kiransa yankin A. A cikinsa, lahanin da ya wuce milimita 10 abin dubawa ne. A sauran wurin da waifa ke kaiwa kuwa, sai ya wuce milimita 40. Ko a nan ma, ƙa'idar ta ce ba a kayar da mota sai lahanin ya tare wa direba ganin hanya sosai. In sararin sama kawai yake tarewa ko murfin inji, ba a kayar da ita. Kin ga akwai ɗan sassauci. Sai dai sassauci ne da ke hannun mai dubawa, ba a hannunki ba.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ki bar ido, ki ɗauko mudun. Ki samu farar takarda ta A4, irin wadda ake buga wasiƙa a kai. Tsawonta milimita 297 ne, wato kusan daidai da faɗin yankin A. Ki zauna a kujerar direba, ki kwantar da takardar a kaikaice a jikin gilashi, tsakiyarta ta yi daidai da tsakiyar sitiyari. Ki bi gefenta na dama da na hagu da ido, sama da ƙasa. In tabon yana tsakanin layukan nan biyu, to yana cikin yankin A, kuma daga yadda kika kwatanta shi, sama kaɗan da sitiyari, ina kyautata zaton nan yake. Sannan ki ɗauko tef ɗin awo na tela ko rular yara, ki auna shi daga waje. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a auna ramin tsakiya kawai. A'a, har da ƙafafun nan da kika ce suna kama da tauraro, daga ƙarshen wannan zuwa ƙarshen wancan. Milimita 10 santimita ɗaya ce tak. Kwabon feni biyar na ƙasar, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a aljihunki, faɗinsa milimita 18 ne, wato ya kusa ninka abin da aka yarda da shi. Ƙwayar wake da ƙafafu uku kuwa tana bakin iyaka, in ma ba ta riga ta tsallaka ba.

A ce kin auna kin samu milimita takwas. Yau ke nan. Jarrabawa saura kwana tara, kuma tabon gilashi ba ya alƙawarin zama yadda aka bar shi.

Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne aka haɗe da wata siririyar leda mai ƙarfi a tsakani. Shi ya sa in dutse ya dake shi ba ya wargajewa ya zubo wa mutum a cinya kamar gilashin ƙofa, sai dai ya tsage ya tsaya a wurinsa. A nan maigida yana da gaskiyarsa, kuma ki ba shi ita: motarsa ta Kano ba ƙarya ya yi ba, gilashi na iya shekara huɗu da tsaga bai faɗo ba. (Cewa ba wanda ya ce masa uffan kuwa sa'a ce ya taka, don ko a gida lahanin gilashin gaba yana cikin laifuffukan da jami'an Road Safety ke rubuta wa direba takarda a kai.) Amma tambayarki ba ta faɗowar gilashi ba ce. Tambayar ita ce ko tabon zai tsaya a milimita takwas har ranar Alhamis ta sama. Kuma sanyin Manchester ba na Kano ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan sama yana shiga ramin, dare ya yi ya daskare, ƙanƙara kuma buɗewa take yi, ta tura gilashin ta ciki. Da safe a tayar da mota a ƙure hita a kan gilashin da ya kwana a daskare, ciki ya ɗau zafi, waje na nan da sanyinsa. A ƙara da ramin titi ɗaya, ko tudun rage gudu da aka haye da ƙarfi, ko ƙofar da aka bugo.

Ni ganau ce. Sanyina na biyu a ƙasar nan ina da tabo a ƙasan gilashi, bai kai naki ba, na yi wata uku ina cewa gobe. Wata safiya na makara, gilashi ya yi fari fat da ƙanƙara, na koma kicin na ɗauko butar shayi da ruwan da bai gama hucewa ba na sheƙa masa. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken ashana ba. Ina tsaye da buta a hannu na ga layi ya taso daga tabon, ya yi tafiyarsa a hankali kamar mai zuwa kasuwa, bai tsaya ba sai da ya wuce tsakiyar gilashi. Aikin rabin awa ya koma canjin gilashi sukutum, da kwana huɗu ina jiran a kawo irin na motar.

Kwana huɗun nan su nake ji miki. Tun daga 8 ga Afrilun 2025, mai son ɗage jarrabawar mota ko soke ta ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ba sai ya sanar da cikakkun ranakun aiki 10 kafin ranar. Da can uku ne. Asabar tana cikin lissafi, Lahadi da ranakun hutu ba sa ciki. Ke da kwana tara ya rage miki, wannan ƙofa ta riga ta rufe. Kuɗin jarrabawar fam 62 ne a ranakun mako, kuma ba su ne abin kuka ba. Abin kuka shi ne komawa bayan layi. Ke kika ce wata biyar kika jira. Ki lissafa wata biyar na bas a cikin ruwa da duhun asuba, da gidajen da ba za a iya tura ki ba saboda ba ki da mota, da maigida yana tashi da wuri don ya sauke ki. Ki kuma duba takardar jarrabawarki ta kwamfuta, wato ta sanin dokokin hanya, don shekara biyu take yi ta mutu, in ta mutu kuma sai an sake ta kafin a yi ta titi.

Gyaran kuwa ba wani abin tashin hankali ba ne. Masu gilashi suna share ramin, su zuƙe iska da danshin da ke ciki, su ɗura wani ruwan gam mai haske kamar gilashi, su busar da shi da wata fitila ta musamman, su kankare saman ya yi daidai da jikin gilashin. Kamar rabin awa ake yi, kuma da yawansu har ƙofar gida suke zuwa. Ba ya ɓacewa ɗari bisa ɗari, in kin ƙura ido za ki ga ɗan ɗigo, amma a ƙa'idar MOT gyaran da ya yi sumul da jikin gilashi, wanda da ƙyar ake ganinsa, ba a lissafa shi a matsayin lahani.

Yanzu kin ga dalilin ɓoye sufa gulu. Ba ya shiga can cikin ƙafafun tsagar, bakin ramin kawai yake toshewa, ya bushe ya yi fari-fari. Ya ƙara fito da tabon fili ke nan, sannan ya hana gam ɗin gaskiya hanyar shiga. Sau da yawa mai gyara in ya tarar an riga an yi wannan, cewa zai yi sai dai canji. Abin da za ki yi yau da hannunki shi ne ki bari wurin ya bushe, ki yanko ɗan farin salatif mai haske ki manna a kai daga waje, don ya hana ruwa da datti shiga kafin mai gyara ya zo. Ba magani ba ne, rufi ne kawai. Kada a zuba ruwan zafi, kada a kai ta wurin wankin mota mai feshi da ƙarfi, hita kuma a fara ta a hankali.

Batun kuɗi. Kafin ku ce babu, ku buɗe takardar inshorarku. In cikakkiyar inshora ce, ba wadda ke biyan ɓarnar da kuka yi wa wani kaɗai ba, akasari akwai sashen gilashi a ciki. Abin da mai mota ke cikawa daga aljihunsa a gyaran tabo kaɗan ne in aka kwatanta da na canjin gilashi, kuma a yawancin kamfanoni ba ya taɓa rangwamen da ake tara wa wanda bai taɓa neman diyya ba. Lambar da za a kira tana jikin takardar. Ku bi ta wajen mai gyaran da kamfanin ya amince da shi, don in kun kai wani wuri da kanku suna iya ƙin biyan duka. Tun da za a kira su, a yi jifan tsuntsu biyu: a tambaye su ko inshorar ta rufe ki a ranar jarrabawa da wannan motar, don shi ma yana cikin sharuɗɗan DVSA, kuma ba kowace inshorar mai koyo ce ke rufewa ba.

Akwai yiwuwar mai gyara ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfin gam, musamman da yake a gaban direba yake, ko in tsaga ta kusa bakin gilashi. To sai canji. In motarku sabuwar yayi ce mai kyamara a bayan madubin tsakiya, wadda ke lura da layin titi ko taka birki da kanta, bayan canji sai an sake daidaita kyamarar, wani lokaci a garejinsu ba a ƙofar gida ba. In ba a yi ba tana iya kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, fitilar gargaɗi kuwa ita kaɗai ta isa a soke jarrabawa. Shi ya sa nake cewa yau za a ɗaga waya, ba ranar Litinin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki kuma tanadi mafita ta biyu tun yanzu. In kina da malamin tuƙi, ki tambaye shi yau ko motarsa tana da sarari a ranar, ko da ba za ki buƙace ta ba. Su ma jadawalinsu cike yake. In ta kama ki koma tasa, ki nemi darasi ɗaya ko biyu a cikinta kafin ranar, don kowace mota da inda kulocinta ke kamawa. Ki lura kuma: in kika yi jarrabawa da otomatik, lasin otomatik kaɗai za a ba ki. Kada tsoron tabo ya sa ki karɓi kowace mota aka miƙo.

Sai maigida. Kada ki yi masa gardamar Kano, ba za ki ci ba, kuma ba ita ce maganar ba. Namiji in ya ce "ba komai" a irin wannan wuri, sau da yawa abin da ke ransa shi ne "ba ni da kuɗin canjin gilashi a watan nan", bakinsa ne bai iya furtawa ba. To ki sauke masa wannan nauyin tukuna. Ki ce masa kin ji ana gyarawa ba sai an canja ba, kuma wataƙila inshora ce za ta ɗauki mafi yawa. Sannan ki miƙa masa takardar A4 da tef, ki ce, "Don Allah zo ka auna mana, ka fi ni ido." Ki bar shi ya gano da kansa cewa tabon na cikin yankin A. In ya gano, shi zai kira inshora, kuma kafin dare zai zama shawararsa ce tun farko. Ki bar masa. In ya dage duk da haka, ki tuna masa wa ke tashi da duhu yana kai ki aiki, ki tambaye shi ko yana da sha'awar ƙarin wata biyar.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma ya tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarki. Kin ce da motar gida kika saba. Tun da shekararki ta cika, ke mai koyo ce a idon doka: lasin wucin-gadi, alamar L gaba da baya, kuma ba kya tuƙi sai da mai sa ido a gefe. Mai sa idon nan dole ya haura shekara 21, ya kuma riƙe cikakken lasi na shekara uku, na Birtaniya ko na ƙasashen Tarayyar Turai da 'yan wasu maƙwabtansu. Shekarun da maigida ya yi yana tuƙi da lasin Najeriya ba sa shiga lissafin. Ki duba bayan katinsa ki ga ranar da ya samu na nan. In bai cika uku ba, zamansa a gefenki bai halatta miki tuƙi ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa tarar fam 1,000 da makin laifi har shida a lasinki tun kafin ki same shi. In haka ne, ranar jarrabawa shi zai tuƙa ki zuwa cibiyar, atisayen kwanakin nan kuma ki yi da malami.

Daren jarrabawa ki zagaya motar da fitilar waya. Tayoyi su kasance ba kumburi ba yanka, zanensu bai gaza milimita 1.6 ba, kuma ba ƙaramar tayar safaya a ƙafa. Ki sayi ƙarin madubi na jami'in, irin mai mannewa a gilashi; ki manna shi ta ɓangarensa, nesa da inda aka yi gyara, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Carbi da turaren mota da duk abin da ke lilo a madubin tsakiya, a sauke su a sa a aljihun mota, haka ma abin riƙe waya in a gilashi yake. Ki cika tankin ruwan wanke gilashi da ruwan da ba ya daskarewa, domin cikin tambayoyin da jami'in zai iya yi miki kina cikin tuƙi akwai ki nuna yadda ake wanke gilashin gaba, akwai kuma yadda ake kore masa hazo. Abin kunya ne a ja sanda waifa ta hau kartar busasshen gilashi. Ki goge cikin gilashin ma da tsumma mai tsabta, don ranar hunturu ƙasa-ƙasa take tafiya, in ta haske gilashi mai maiƙo ba abin da za ki gani.

Rasit ɗin gyara ki ajiye shi a mota. Da wuya a nema, amma in jami'in ya tsaya yana kallon ɗigon, kina da abin nunawa. Ki ɗauki katin lasinki na wucin-gadi, da tabarau in kina sawa, don kafin ki taɓa sitiyari za a ce ki karanta lambar wata mota daga nisan mita 20. Allah Ya ba da sa'a, ki rubuto mini yadda aka ƙare da awon.